Me baƙi za su riƙa yi a waje a gidan hutu na bakin tafki? Dan Allah a ba ni shawara

Uwargidan_Tafki:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar ruwa ko suka taɓa riƙe gidan saukar baƙi. Yayana ne yake da wani ɗan gidan hutu a bakin tafki, ɗaki uku da falo da baranda mai kallon ruwa, to shi aiki ya yi masa yawa sai ya damƙa min kula da wurin, ni nake karɓar baƙi ni nake sallamarsu. A gaban gidan akwai ɗan dandamalin katako da ya shiga cikin ruwa, ta baya kuma bishiyoyi ne da wata siririyar hanya da ta bi ta tudun yashi har ta ɓulla bakin teku, tafiyar ƙafa ce ba sai an hau mota ba.

Abin da yake damuna shi ne duk wanda ya zo, ranar farko yana ta ɗaukar hoto yana yaba wuri, washegari sai ki ga an zauna a baranda kowa ya sunkuya kan wayarsa, yara suna ta mita, can sai a kira ni a ce Hajiya wai me ake yi ne a nan? Wlh abin ba ya min daɗi, wuri ne mai kyau, bana son mutum ya taso daga nesa ya koma bai mori komai ba sai gado da fanka.

Yayana ya ce mu sayi babur ɗin ruwa guda biyu shi kenan an gama magana, ni kuma hankalina bai kwanta ba, don baƙin namu kala-kala ne, akwai masu ƙananan yara, akwai samari abokai, akwai dattawa da ko doguwar tafiya basa so, kuma yawancinsu basu iya iyo ba. To me ya kamata in tanada? Wanne ya dace da tafki wanne ya dace da teku? Ina son abin da zai sa su fito waje su ji daɗi kuma kowa ya koma gidansu lafiya. Na gode.

Tsohon_Matuƙi:

Wa alaikumus salam Hajiya. Hankalinki da bai kwanta ba yana da gaskiya, ki lallaɓa yayanki a ajiye maganar babur ɗin nan tukuna. Shi wannan babur ɗin, ruwan da injinsa yake fesowa ta baya ne yake juya shi, saboda haka a yawancinsu in mutum ya tsorata ya saki totur, to juyawar ma ta tafi, sai ya miƙe ya nufi abin da yake gudu. Sabon shiga kuma abin da yake fara yi kenan in ya firgita, sakin totur. Ga shi ƙasashe da yawa sai da lasisi ko an kai wasu shekaru ake hawansa, tafkuna da yawa ma an hana injin shiga gaba ɗaya, sannan ki tambayi masu inshorar gidan ki ji abin da za su ce miki.

Ni abin da zan ce miki shi ne kafin ki sayi komai ki fara sanin lokutan ruwanki, domin wanda ya ce me ake yi a nan, yawanci ba kaya ya rasa ba, bai san ƙarfe nawa ake yin me ba ne. Wurin da yake kusa da teku iskarsa tana da tsari. In rana ta fito ƙasa tana riga ruwa ɗaukar zafi, iskar da ke kan ƙasa ta yi sama, mai sanyi ta taso daga teku ta maye gurbinta, shi ya sa za ki ga da sassafe tafkin nan a kwance yake luf, daga tsakar rana zuwa la'asar kuma ya fara tattarewa yana 'yan igiyoyi, da dare ta lafa ko ma ta juya ta koma wajen teku. To kin ga kenan kwale-kwale aikin safe ne. Wanda ya yi barci har sha ɗaya ya fito ya ce zai tuƙa, iska ce za ta yi ta jansa gefe, ya dawo ya ce abin ba daɗi. Wanda kuwa ya shiga ƙarfe bakwai, hazo bai gama tashi daga kan ruwa ba, yana jin ɗigar ruwa daga filafilinsa, kifi yana ɓullowa a gefensa, wannan ba zai sake tambayarki me ake yi ba.

Ki sami kayak, wato ƙaramin kwale-kwalen da ake tuƙawa da filafili, guda biyu ko uku irin wanda ake zama a samansa, ba wanda ake zura ƙafa a cikinsa ba. Na saman yana da faɗi, yana da 'yan ramuka da ruwa yake zurarewa, in ya kife mutum faɗowa kawai zai yi ya sake hawa, babu abin da zai riƙe shi a ciki. Ki haɗa da jirgin tuƙi guda ɗaya mai faɗin ciki domin iyali da dattawa. Doka biyu za ki kafa musu. Ta farko a bi gefen gaɓa kar a ratsa tsakiya. Ta biyu in za a fita a fara fuskantar iska, domin lokacin dawowa da hannu ya gaji ita za ta turo su gida, masu yin akasin haka su ne ake zuwa ɗaukowa a ɗaya gaɓar.

Sai rigar ruwa, laif jaket, wadda ita ce ta fi duk abin da na lissafa. Ki duba lambar da ke jikinta mai harafin N, ita ce take nuna ƙarfin da rigar take ɗaga mutum da shi a ruwa. Mai 50N taimako kawai take yi wa wanda ya iya iyo kuma yana kusa da gaɓa, ba za ta juya wanda ya suma ba. Tunda kin ce yawancin baƙinki basu iya iyo ba, ki nemi 100N zuwa sama masu abin wuya, 150N ita aka yi domin ta juya mutum fuskarsa ta kalli sama ko da ya fita hayyacinsa. Na yara da nauyin yaro ake zaɓa ba da shekarunsa ba, kuma dole a sami maɗaurin da yake bi ta tsakanin cinyoyi. In an ɗaura wa yaro ki kama kafaɗun rigar ki ja sama, in ta taso ta rufe masa kunne to ta yi masa yawa, a ruwa ma haka za ta yi. Kar a ajiye su a sito, a rataye su a bakin dandamalin inda ba mai wucewa bai gansu ba.

Teku kuwa wata duniya ce daban, kar baƙo ya ɗauka don ya yi wasa a tafki da safe ya san ruwa. A yawancin gaɓoɓi teku yana cika sau biyu ya janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50, wato kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. In wata ya cika ko lokacin da yake sabo, cikar tana fin ƙarfi janyewar ma tana fin nisa. Wani wuri bambancin kaɗan ne kamar Bahar Rum, wani wuri kuma kamar mashigin Fundy na Kanada yana kai wajen mita 16. Abin da mutane basu sani ba shi ne ruwan ba da gudu ɗaya yake dawowa ba, cikin awa shidan da yake cika, awa ta farko a hankali yake zuwa har mutum ya raina shi, amma rabin ruwan gaba ɗaya a awa ta uku da ta huɗu yake shigowa. Nan ne ake rutsa masu yawo a gindin duwatsu, su waiga su ga hanyar da suka biyo ta zama ruwa. Ki riƙa buga jadawalin cika da janyewa na yankinku kowane mako ki manna a bayan ƙofa, ki ce musu yawon tsintar kwanson kifi da leƙen ƙaguwa a ramukan duwatsu a fara shi awa ɗaya ko biyu kafin ruwa ya gama janyewa, da ya juyo a kama hanya. Yara suna iya shafe awa biyu a tsugune kan rami ɗaya, bokiti kawai za ki basu da takalmin roba mai kama ƙafa, kuma duk dutsen da aka ɗaga a mayar da shi yadda yake.

Wanka a teku kuma sai inda akwai masu ceto, tsakanin tutoci masu launin ja da rawaya, in an kafa ja zalla ba a shiga. Ki nuna musu yadda ruwa mai ja yake, domin yaudara gare shi, wurin da za ki ga igiyoyi suna fashewa dama da hagu amma a tsakiya akwai wani layi mai duhu da ya yi lumui, mutum ya ce bari in shiga nan ya fi kwanciya, alhali nan ne ruwan yake komawa ciki da gudu, wani lokaci har mita 2 a daƙiƙa ko fiye, gwanin iyo ma ba ya cin sa. Wanda ya faɗa ciki kar ya yi kokawa da shi, ya kwanta rigingine ya ɗaga hannu, in yana da ƙarfi ya yi iyo ta gefe a layin gaɓa har ya fita daga cikinsa. Katifar hurawa da tayar roba kuma ki hana a kai su teku, musamman ranar da iska take kaɗawa daga ƙasa zuwa ruwa.

Nas_Mai_Dare:

Anti sannu da ƙoƙari, Allah ya taimaka. Baba ya gama magana kan jirgi da teku, ni ta ɓangaren lafiya zan ƙara don aikina kenan kuma abin yana taɓa min zuciya sosai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne suka rasu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don wannan matsalar kawai. Kuma nutsewa ba ihu ake ba, ba a ɗaga hannu ana kiran a taimaka, yaro shiru yake tafiya cikin ƙasa da minti ɗaya, manya suna nan zaune a baranda suna hira kowa yana zaton wani ne yake kallonsa. Saboda haka ni kafin kayak ma shinge zan fara yi tsakanin gida da ruwa, da ƙofar da take rufe kanta, sakatarta a sama inda hannun yaro ba ya kai. In yara suna wasa a bakin ruwa a sami babba guda ɗaya da aka ce kai ne mai kallo yanzu, ba waya a hannunsa, in ya gaji ya miƙa wa wani baki da baki, ƙaramin yaro kuma kar ya wuce inda hannu zai kamo shi. Ki rataye zoben ceto mai doguwar igiya da doguwar gora a dandamalin, ki gaya wa kowa in wani ya faɗa a miƙa masa ko a jefa masa, kar wanda bai iya ba ya bi shi. Ke kanki ki je ki yi kwas ɗin taimakon gaggawa, Red Cross da irinsu suna koyarwa, don wanda aka ciro daga ruwa numfashi yake fara buƙata a hura masa sannan danna ƙirji, kuma wannan da hannu ake koyo ba a rubutu ba.

Sannan baki faɗi ko yankin mai zafi ne ko mai sanyi ba, kowanne da nasa. In mai zafi ne ki je asibitin da ke kusa ki tambaya ko akwai tsargiya a ruwan. Ƙwayar tana zama a jikin dodon koɗi na ruwan daɗi, ta fito ta ratsa fatar mutum yana cikin wanka bai ji komai ba, sai bayan makonni zazzaɓi ko fitsarin jini ya biyo baya, tana da yawa a Afirka da wasu sassan Asiya da Kudancin Amurka. Akwai maganinta, praziquantel, amma in tafkin yana da ita to a hana wanka kawai a tsaya a jirgi, ruwan gishiri na teku shi ba ya ɗauke da ita. Ki tambayi masuntan wurin kuma maganar kada da dorina, su suka fi kowa sani. In kuwa mai sanyi ne, ruwan da bai kai digiri 15 ba in mutum ya faɗa ba shiri numfashinsa ne yake ƙwacewa ya ja ruwa, ko da gwani ne, kuma tafki yana iya yin ɗumi a sama amma ƙasa kaɗan sanyi ƙarara. A shiga a hankali, wanda ya faɗa ya kwanta rigingine ya buɗe hannu da ƙafa na kamar minti ɗaya har numfashi ya daidaita kafin ya fara iyo.

Ko'ina ne dai, in an yi kwanaki ana zafi ba iska kika ga saman ruwan ya yi kore kamar an zuba fenti, ko kumfa mai kauri ta taru a gefe, a bar ruwan. Irin wannan gansakukar tana iya fitar da guba, tana sa ƙaiƙayi da amai da gudawa, karnuka ma kashe su take. Sai rana, daga goma na safe zuwa huɗu ta fi ƙuna kuma ruwa da yashi suna maido da haskenta, hula da ruwan sha da man kariya daga rana mai lambar SPF 30 a jikinsa a sake shafawa duk awa biyu, kuma baƙar fata ma tana ƙonewa kar wani ya ce shi ba ruwansa.

Ɗan_Keke_99:

Gsky Baba da Anti Nas duk abin da kuka faɗa haka ne amma fa in aka tara wa samari dokoki ba abin da zai motsa musu jini to wayar nan dai za su koma, ni na san kanmu. Hajiya ba sai kun sayi babur ɗin ba, in akwai masu hayarsa a bakin tekun da suke da lasisi da mai koyarwa da jirgin ceto ki riƙe lambarsu kawai, mai so ki tura shi can, nauyin yana wuyansu ba naki ba, haka ma masu koyar da hawan igiyar ruwa da masu fita da mutane cikin teku kallon dabbobin ruwa. Na gida kuma ki sa kekuna huɗu ko biyar masu faɗin taya da famfo da kayan faci, ki zana taswirar zagayen tafkin da hannu ki nuna inda ake tsayawa da inda netwok yake ɗaukewa, ki kafa ragar ƙwallon raga a yashi, da allon nan da ake tsayawa a kai ana tuƙawa da filafili, shi faɗuwar ma ita ce daɗin, a dai ɗaura igiyarsa a ƙafa a sa riga. Iskar la'asar da Baba ya ce tana hana kwale-kwale ita ce daidai tashin jirgin leda mai zare a bakin teku, manya ma ƙwacewa suke daga hannun yara wlh. Yashin da ruwa ya janye ya bari kuma ya fi ko'ina daɗin gudu da ƙwallo don a daskare yake ƙafa bata nutsewa.

Uwargidan_Tafki:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba wlh maganar iskar nan haka take, kullum da rana sai labulen baranda ya yi ta tashi. Nas shingen nan shi zan fara sa wa a gaba, kuma gobe in sha Allah zan je asibiti in yi tambayar. Ƙanena na ji taka, za a yi kekuna da raga.

Saura dattawa da waɗanda ko kusa da ruwa basa son zuwa, su me zan yi musu? Da kuma dare, don da magariba ta yi kowa sai ya shige ɗaki.

Mai_Leƙen_Tsuntsaye:

'Yar uwa ai ke kina zaune kan dukiya ne, inda ruwan daɗi da ruwan gishiri suke maƙwabtaka nan tsuntsaye suka fi taruwa, don akwai masu cin na tafki akwai masu cin na laka akwai masu cin na teku, ga masu wucewa da suke yada zango su huta. Saboda muhimmancin irin waɗannan wurare ne ma ƙasashe suka sa hannu kan yarjejeniyar kare su a garin Ramsar na Iran a 1971. Kuma kar ki raina ɗan tsuntsun da za ki gani yana caccakar laka, a 2022 masu bincike sun bi sawun wani mai dogon baki ɗan wata biyar da aka maƙala wa na'ura, ya tashi daga Alaska bai sauka ba sai Tasmaniya, kilomita 13,560 cikin kwana 11. Ni duk sanda na gaya wa mutum wannan sai kallon da yake wa tsuntsun bakin ruwa ya canza.

Abin da za ki tanada kaɗan ne. Madubin hangen nesa guda biyu, mai lamba 8x42 ya fi sauƙi ga sabon hannu don ba ya rawa sosai kuma yana shigar da haske, da littafin tsuntsayen yankinku mai hotuna, da benci mai majingina a inuwa a inda ciyayin ruwa suka yi kauri. Dattijo ya zauna nan da sassafe ko da yamma lis, ba tafiya ba wahala, zalɓe zai zo ya tsaya da ƙafa ɗaya ya ƙame ba ko motsi, minti biyar minti goma, sai ki ga wuyan nan ya harba cikin ruwa ya fito da kifi a gicciye a bakinsa, ya juya shi ta kai sannan ya haɗiye kina ganin kumburin yana gangarawa. Agwagin ruwa da 'ya'yansu a jere, shaho yana shawagi, wani yankin har kwasakwasa. Na bakin teku kuma a je musu ruwa yana cikowa, kamar awa biyu kafin ya cika, don shi yake koro su kusa da mutum, in ya janye can nesa suke tafiya. Akwai manhajar Merlin ta jami'ar Cornell da take sauraron kuka ta faɗi sunan tsuntsu, a sauke bayanan yankin tun ana da netwok. Ki ajiye littafi a falo kowane baƙo ya rubuta abin da ya gani da ranar, masu zuwa daga baya har gasa suke yi da na baya.

Roƙona ɗaya, hanyar nan ta tudun yashi kar a sauka daga kanta. Saiwar ciyawar ce take riƙe da tudun, in aka tattake ta iska ta kwashe yashin, kuma tudun shi ne katangar da ke tsakanin teku da tafkinku. Wasu tsuntsayen ma a ƙasa suke ƙwai, launinsa ɗaya da tsakuwa, sai an taka ake sani.

Dare kuwa ki kashe fitilun waje kawai ki shimfiɗa tabarmi da barguna. Ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma kallon waya sau ɗaya yana ɓata shi, don haka tocila mai jan haske za ki basu. A daren da ba wata za su ga abin da basu taɓa gani a birni ba, kaza da 'ya'yanta, farar hanyar nan da ta ratsa sama, Zara in lokacinta ne da yamma ko da asuba. Da madubin tsuntsayen nan in an jingina gwiwar hannu a kan tebur ana ganin ramukan wata in ya fito, har da watannin duniyar Jupita guda huɗu da masanin taurari Galileo ya gano a 1610, 'yan ɗigo a jere kusa da ita. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana zagaya duniya duk wajen minti 90, tana wucewa da haske ba ƙyaftawa, yara suna murna da ita sosai. Ki rubuta 12 zuwa 13 ga Agusta da 13 zuwa 14 ga Disamba a kalandarki, darare ne da taurari masu gudu suke yawaita duk shekara. Maganin sauro dai da riga mai dogon hannu, don bakin ruwa da magariba nasu ne. In kuma gaɓarku kunkurun teku yana hawowa yin ƙwai to kashe fitilar ya zama dole, don 'ya'yan hasken da ya fi ƙarfi suke bi, fitilar gida tana juya su su bar hanyar ruwa.

Tsohon_Matuƙi:

Yaron nan mai keke ya yi magana mai kyau, a tura su wajen masu sana'ar, na yarda. Dattawa maza kuma Hajiya ki gwada su da fatsa, ba a cika samun wanda zai ƙi ba. Sanda mai sauƙi da ɗan abin da yake yawo a saman ruwa da tana, a zauna a kujera a kan dandamali da asuba ko gab da faɗuwar rana lokacin da kifi yake ci. Ki bincika dokar wurin, wurare da yawa sai da izini, akwai watannin da ake hanawa saboda kifi yana ƙwai, akwai girman da in bai kai ba mayarwa ake. Ki matse ƙayar ƙugiyar da filaya ta kwanta, ta fi sauƙin cirewa daga bakin kifi da kuma daga yatsan yaro, kuma a jiƙa hannu kafin a taɓa wanda za a mayar.

In za a hura wuta da dare a yi mata wuri guda da aka kewaye da duwatsu nesa da bishiya, bokitin ruwa a gefe, kuma da ruwa ake kashe ta. Masu binne garwashi da yashi suna barinsa da zafi har washegari, yaro ya zo ba takalmi ya taka. Kar a shigar da gawayi ɗaki ko da ya yi kamar ya mutu, iskar da yake fitarwa bata da wari kuma kisa take.

Hadari kuma, in an ga walƙiya a ƙirga har a ji tsawa, duk daƙiƙa uku kilomita ɗaya ne, amma ni dokata da an ji tsawa ko daga nesa kowa ya fito daga ruwa ya shiga gida, mai fatsa ya kwantar da sandarsa, kuma sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba a koma. In baƙo ya zo da jirginsa daga wani ruwan ki sa ya wanke shi ya shanya tukuna, ta haka ciyayi da ƙwari na wani wuri suke shiga tafki su cinye shi.

Uwargidan_Tafki:

Na tura wa yayana duk wannan ya karanta, ya ce a bar babur ɗin a fara da shinge da riguna da kayak. Baba tambaya ɗaya ta ƙarshe dan Allah, samari suna son yin tsalle daga kan dandamalin, in bari ko in hana?

Tsohon_Matuƙi:

Ki sa wanda ya iya iyo sosai ya auna zurfin wurin da gora mai alama, ya kuma taɓa ƙasan ya ji ko akwai kututture ko dutse ko tsohon ƙarfe, kuma a sake aunawa bayan ruwan sama mai yawa da lokacin rani, don zurfin tafki ba ya zama ɗaya. Ki rubuta zurfin da fenti a jikin katakon. Shiga da ka ki hana shi kwata-kwata ko ruwan ya yi zurfi, wuya ake karyawa a nan. Tsalle da ƙafa kuma sai wanda ya iya iyo, da rana, da wani a tsaye yana kallo, kuma sai Nas ta ji sakamakon tambayarki ta asibiti. Kafin nan ki sa a kafa tsani a gefen dandamalin wanda matakalarsa uku ko huɗu suke cikin ruwa, a kuma goge santsin katakon da buroshi mai ƙarfi duk mako.